Kakin da Ɗan'azumi Ya Kai Asibiti

Akwai wani manomi a Likoro, Ɗan'azumi, da tarin fuka ya kama zamanin mulkin soja, lokacin da fetur ya yi wuya. Kullum a keke yake zuwa asibiti ya haɗiyi magani a gaban ma'aikata.

Mai gwajin kaki a asibitin sunanta Philomena. Takan shafa kakin a ɗan gilashi, ta zuba masa jan ruwa, ta ja madubinta mai girmama ƙananan abubuwa bakin taga don ba wutar lantarki, ta ƙirga ƙwayoyin cutar.

Da ya cika wata biyu ta miƙa masa 'yar roba.

"Malam, gobe ka kawo na farkon safiya. In babu komai za a riƙa ba ka magani ka tafi gida. In akwai, ka ƙara wata guda kana zuwa kullum."

Ga damina ta faɗi, gona tana jira. Shi kuwa mutumin, gani yake ya fi kowa wayo. Da safe ya miƙa wa matarsa Indo robar.

"Ke lafiyarki ƙalau, tofa a nan."

Ba ta yi musu ba. Ta yi tari, ta tofa.

Philomena ta daɗe a kan madubin kafin ta ɗago.

"Malam, ƙwayoyin cutar sun fi na ranar da ka fara zuwa yawa. Naka ne wannan?"

Ya san na wace ce. Kunya ta hana shi faɗar gaskiya.

"Nawa ne, Sista."

Aka ƙara masa wata. Ya ci gaba da zuwa, kullum da niyyar gobe zai faɗa. Indo tana tari cikin gefen zane, tana cewa hayaƙin murhu ne. Ranar da ya ɗauko ta a bayan keke zuwa asibiti, numfashi ma da ƙyar. Kwana tara ta yi, ta rasu.

Bayan sadakar bakwai ya kai nasa na gaskiya. Philomena ta duba, ta sake dubawa.

"Babu ko ɗaya, Malam. Magani ya karɓe ka."

Ya ce to. Bai ji daɗi ba, bai ji komai ba. Ya tura kekensa har gida bai hau ba.

Darasi: Wanda ya yi wa gwajin asibiti ƙarya ba ma'aikaci ya cuta ba, na gidansa ya cuta. In ka yi kuskure, faɗe shi yau. Jama'a, ku tura wa duk mai jinya a gida.