Haƙora Biyu a Ƙwarya Biyu

An ce a zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanakin tafiya, an yi wani sarki a wata ƙasa mai yawan zuma da rake. Sarkin nan ba azzalumi ba ne, amma ciwon haƙori ya sa shi gaba, kuma duk wanda ya taɓa yin wannan ciwo ya san ba ya barin mutum da halin kirki. Haƙoransa na ciki sun yi kogo, kuncinsa ya kumbura. Ga shi al'adar ƙasar ta hana a ga bakin sarki. Kullum a rufe yake da amawali, ba a ganinsa yana ci, ba a ganinsa yana sha, kuma wanda ya ambaci bakin sarki a fada, ko da yabo ne, a bakin harshensa.

A fadar akwai wani mutum mai suna Jatau, aikinsa ɗanɗana abincin sarki don gudun guba. Ɗakinsa yana tsakanin madafa da turakar sarki, ba shi da taga, sai ƙofa biyu, akushi ya shigo ta ɗaya ya fita ta ɗaya. Shekara ashirin Jatau yana cin daɗin duniya loma ɗai-ɗai a wannan ɗaki, bai taɓa ƙoshi ba, bai kuma taɓa sa loma a baki ba tare da faɗuwar gaba ba.

Da ciwo ya tsananta, aka kirawo wani boka. Boka ya ce tsutsa ce aka tura, ya tambayi wanda ke cin abin da sarki ke ci. Aka kawo Jatau, aka ce ya buɗe baki. Sai ga haƙora talatin da biyu, farare tas, ba ko ɗigon baƙi. Boka ya ce ai magana ta ƙare: abinci ɗaya, haƙoran wannan lafiya lau, to shi ke kwashe ruɓar bakinsa yana aika wa sarki ta cikin akushi. Sarki, da zogi ya hana shi tunani, ya yanke hukunci a garƙame Jatau a ɗakinsa, ya ci gaba da aikinsa, kuma duk ranar kasuwa Sarkin Aska ya cire masa haƙori ɗaya har sai ya faɗi asirinsa.

Aka cire na farko. Mako ya zagayo aka cire na biyu. Jatau ya ɗaure su a bakin zanensa, ya zauna yana lissafin makonni talatin da suka rage masa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ba shi da asirin da zai faɗa, ƙarya kuwa in ya yi ta, kansa za ta ci.

Ana nan sai Waziri Barmo, dattijo mai tsantseni, ya shigo bayan la'asar ya tarar da shi yana goge baki da asuwaki duk da dasashinsa na jini. Ya tambaye shi ko wannan ne maganin. Jatau ya ce ba magani ba ne, aiki ne. Wanda ya koya masa aikin ya ce bakin da zaƙin zuma ya zauna a ciki ba zai gane ɗacin guba a akushi na gaba ba. Don haka bayan kowace loma sai ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya sakace, ya bi da asuwaki, kuma tsakanin abinci da abinci ba ya sa komai sai ruwa.

Waziri ya daɗe yana kallon wani faifai da babu komai a kansa. Faifan alewar zuma ne, kullum da safe yake shiga cike, ya fito wayam da la'asar.

"Sarki kan zauna a fada daga hantsi har la'asar, ba a ba shi ko ruwa," in ji Waziri. "Maƙogwaro kuwa yakan bushe. Ni dai ban ce komai ba, Jatau."

Nan take Jatau ya gane. A bayan amawali, alewa ce ke yini a kuncin sarki, wata na narkewa ana jefa wata. Amma ganewar ba ta buɗe masa ƙofa ba, sai ma ta ƙara masa ƙunci. In ya yi shiru haƙoransa za su ƙare, in ya faɗa harshensa ya tafi. Ya yini yana zagaya ɗakin kamar akuya a turke, can dabara ta faɗo masa. Ya roƙi Waziri ya nemo masa jinkirin kwana arba'in da ƙwarya biyu, a ajiye su a hannun Waziri don kada a ce ya yi musu asiri.

Sarki ya yarda. Aka sa haƙoran Jatau, ɗaya a kowace ƙwarya. Kullum a zuba musu fura da zuma iri ɗaya. Ta farko, da an jima kaɗan a zubar, a wanke ƙwarya da haƙorin tas. Ta biyu kuwa ba a wankewa, sabo kawai ake ƙarawa a kan tsoho.

Ran kwana arba'in fada ta cika. Aka fito da Jatau, hasken rana har yana kashe masa ido. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Aka buɗe ƙwarya ta biyu, tsami ya bugi hancin fadawa. Sarkin Aska ya ɗauko haƙoran ya gwada su da bakin aska. Na farko ya ƙi kankaruwa. Na biyu ya dushe, ya yi kaushi, aska na taɓa shi yana zuba kamar alli.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Jatau, "haƙoran nan daga baki ɗaya suka fito, abinci ɗaya suka ci. Ban ga tsutsa ba. Na ga dai zaƙi in ya daɗe a wuri ba a wanke ba, tsami yake komawa, tsamin ne ke cin haƙori. Ni maganar ƙwarya nake yi, ranka ya daɗe, ban san ta wani wuri ba."

Boka ya fara cewa ai ga shi nan ya yi wa sarki habaici, sai sarki ya ɗaga hannu. Sannan ya yi abin da ba a taɓa gani ba tun kafuwar garin: ya sauke amawali, ya ciro guntun alewa daga kuncinsa, ya jefa a ƙwaryar mai tsami. Fadawa suka sunkuyar da kai, wasu don kunya, wasu don su ma akwai abin a kuncinsu.

A ranar sarki ya ba Sarkin Aska izinin cire masa ruɓaɓɓun haƙora uku. Aka kori boka daga ƙasar. Aka yi shela cewa zaƙi sai tare da abinci, kada ya yini a baki, a bi shi da ruwa da asuwaki, a yawaita nono da ganye a maimakon alewa. Aka kuma kafa labule a fada inda sarki zai riƙa shiga ya sha ruwa.

Sa'an nan sarki ya dubi Jatau ya ce ya zalunce shi, ya roƙi abin da yake so. Jatau ya ce a fasa masa taga a ɗakinsa, a kuma bar ƙofofin a buɗe. Sarki ya ce an yi, ya ƙara masa da gida da gona. Sai ya ɗauki haƙorin nan mai lafiya, wanda aka wanke kwana arba'in, ya juya shi a tafin hannunsa.

"Wannan fa?" in ji sarki. "Duk mulkina ba mai iya mayar maka da shi."

"A bar shi a wurinka, Allah ya ba ka nasara," in ji Jatau. "A ajiye shi a kan faifan alewa."

Haka aka yi. Har sarkin nan ya tsufa, duk safiya faifai na shiga da farin haƙori a tsakiyarsa, ya fito da la'asar cike kamar yadda ya shiga. Jatau kuwa ya rayu da giɓinsa, yana zaune bakin tagarsa da asuwaki a hannu, kuma ya mutu da haƙora talatin.