Takardun da Lauya Ya Ɓoye

A ajin ƙarshe na sashen nazarin tattalin arziki an yi wani ɗalibi da abokansa ke kira Lauya. Ba shari'a yake karanta ba, bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ƙwaƙwalwa kam akwai ta, wannan babu musu. Sai dai yana da mugun hali guda: in ya riga ya yanke hukunci a ransa, to ko hujja ta tare masa hanya, kewaye ta zai yi ya wuce.

Malamar da ke koya musu rubutun bincike kuwa ba ta wasa. Kullum takan ce musu, "Ku saurara tukuna, sannan ku yi gardama." Kuma duk takardar tambayoyin da ɗalibi zai fita da ita, sai ta sa mata lamba da jan biro. Wanda ya faɗi darasinta, babu shi babu kammala karatu a shekarar.

Lauya ya zaɓi ya bincika abin da ya sa 'yan kasuwa suka ƙi komawa sabuwar kasuwar da aka gina a bayan gari. Mahaifiyarsa ma tana cikinsu, kayan miya take sayarwa, kuma tuni ta cika maƙwabtan rumfarta da labarin ɗanta zai gama bana. Gogan naka tun bai taka kasuwa ba ya rubuta kammalawarsa: tsoron canji ne da ƙarancin ilimi.

Ya fita da takardu arba'in. Mutum ashirin da biyar suka amsa masa a gurguje, "Nan muka saba." Ya ji daɗi har ransa. Sauran sha biyar ɗin kuwa suka zaunar da shi suka zayyana masa: motar haya ba ta kaiwa can, rufin kwano yana dafa kaya, rumfunan kayan miya kuma a saman bene aka yi su. Lauya ya ga za su ɓata masa aiki, sai ya cusa su ƙarƙashin katifa. Ya zauna ya tsara rubutu mai zaƙi, kai ka ce waƙa.

Ranar kare aiki, Malama ta ture rubutun gefe ta jawo takardun tana bin lamba.

"Ina ta bakwai? Ina ta goma sha biyu? Arba'in na ba ka."

"Sauran sun lalace ne, Malama."

"Allah sarki. To gobe ka kawo mini gawarwakin."

Aji ya tuntsire da dariya. Washegari Lauya ya kawo su duk sun yamutse. Malama ta zaro ta wata mata ta miƙa masa ta ce ya karanta da ƙarfi. Ya karanta: "Na koma wata uku. Kullum rabin tumatirina ruɓewa yake kafin azahar. Ba mai hawa bene don albasa. Ƙafata ma ba ta iya matakalar."

"Wannan ba ta yi kama da mai tsoron canji ba," in ji Malama. "Ta je, ta gwada, ta dawo da dalili. Wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Mahaifiyata ce."

Malama ta ce, "Da ka kawo maganarsu ka kayar da ita da hujja, wallahi da na jinjina maka. Amma ɓoyewa ka yi. Sai baɗi."

Da aka kafe sunayen masu kammalawa, babu nasa. Ya ja ƙafa zuwa rumfar mahaifiyarsa, ya faɗa mata komai bai rage ba. Ta daɗe tana jera tumatir ba ta dube shi ba.

"Faɗuwar ba ta dame ni ba," in ji ta. "Na bar masu saye a tsaye na yi maka bayani, ina murna yau ga mai ilimi zai kai kukanmu gaba. Ashe ɗan da na haifa ma jahila ya rubuta ni."

Maganar ta soke shi fiye da faɗuwar, hawaye ya cika masa ido. Amma bai tashi ba. Ya kifa wani kwandon da ba kowa a ciki ya zauna, ya buɗe sabon shafi.

"Umma, shekara guda gare ni yanzu, kuma rumfa-rumfa zan bi. Ki daure ki sake faɗa mini tun daga farko."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, bincike ba neman masu goya maka baya ba ne. Duk hujjar da ta saɓa wa ra'ayinka, ita ta fi cancantar ka tsaya ka duba, domin a bayan kowace amsa akwai mutum da halin da yake ciki. Wanda ya ɓoye ta ya cuci mai karatu, ya cuci wanda ya amsa masa, ya kuma cuci kansa.