Kuɓewar Iya Tabawa

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda ta haura shekara saba'in ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ba ta da lambu, sai ƴar kuɓewa da take shukawa a bayan ɗaki. Da kaka ta ja baya, ta tsinke ƴaƴan da suka rage, ta tumɓuke karan ta watsa wa awaki.

Bayan kwana uku, maƙwabcinta Jatau mai lambu ya je fadama da safe, ya tarar an riga shi, an tsinke masa kuɓewa. Yana cikin cigiya aka ce masa ai an ga ɗanyar kuɓewa shar a gidan Tabawa, alhali ko tushe ɗaya babu a bayan ɗakinta. Ransa ya ɓaci, ya kai ƙara wurin alƙali, Malam Mujitaba.

Tabawa ta zo ɗauke da kuɓewar a cikin tukunyarta, ta ce tata ce, kwana uku ke nan da ta tsinke ta. Abin da ya fi cin ta shi ne a ce da furfurarta za a kira ta ɓarauniya.

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun ina yaro nake noman kuɓewa. Idan ta kwana uku, laushi take yi, tsininta ya riƙa lanƙwasa. A gwada wannan a gani."

Alƙali ya zaro guda, ya danna tsininta da babban yatsa. Ta karye ƙas! Tabawa ta sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Iya, yaya aka yi kuɓewar kwana uku take ƙara kamar ta yau?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ban wanke ta ba, don ruwa ke sa ta baƙi. Na shimfiɗa mata busasshen ganye a tukunya, na dasa tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, safe da yamma ina yayyafa wa yashin ruwa. Ƴata Delu ce ta aiko za ta zo wankan jego, gobe ake sa ranta. Tun tana ƙarama ba ta da miyar da ta wuce ta ɗanyar kuɓewa, ni kuwa ita ke nan ta rage mini a bana."



Alƙali ya juya kuɓewar a hannunsa, ya daɗe yana duban gindinta. Sannan ya sa Jatau ya je lambunsa ya yanko guda cikin ƙananan da aka bar masa. Da ya kawo, alƙali ya jera su biyu a tafin hannu.

Ya ce, "Jatau, ka yi gaskiya a kan tsini, amma ka manta da gindi. Dubi taka: wurin yankan fari ne, yana da danshi. Da a ce yau aka tsinko ta Iya, da haka za mu gan shi. Ga shi kuwa ya bushe, ya yi duhu, ya tsuke. Tsini yana nuna irin riƙon da aka yi mata, gindi yana nuna kwanakinta. Wannan ta bar jikin uwarta tun kafin a shiga lambunka. Ka nemi ɓarawonka a wani wuri."

Jatau ya duba, ya sake dubawa, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Iya, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Tashi, ɗan nan. Wanda aka yi wa ɓarna ba ya gani sosai. Ka dai ɗaukar mini tukunyar nan, kaina ya gaji."

Ya ɗauka ya bi ta a baya har gida, yana tafe a hankali kada ta girgiza. Shi ya dasa mata ita cikin yashi da hannunsa, tana nuna masa inda inuwa ta fi daɗewa.

Shi ya sa mai hukunci ba ya tsayawa a gefe ɗaya na abu, domin abin da ya yi kama da shaidar laifi, in an juya shi, sau da yawa shaidar ƙauna ce.