Muryar da Ta Riga Ta Zuwa Gidan Baba

Wasunku sun tara digiri har bango ya cika, amma gyara ɗaya ba za su iya yi wa mutum ba sai sun tsinka shi a bainar jama'a. Ban kama suna ba. Ku dai karanta.

Akwai wata injiniya da ke karatun digiri na biyu, tana ɗaukar kwas ɗin shugabanci da iya zama da mutane. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba ta, bakin ma bai rage mata ba. Da Dakta, malamin kwas ɗin, ya raba ajin rukuni-rukuni, ita aka ɗora a kan nasu, kowa ya koma kiranta Shugaba.

A rukunin akwai wani dattijo, hedimastan firamare, wanda ya dawo aji bayan furfura ta gama cin kansa. Baba suke ce masa. Sau ɗaya ya turo nasa ɓangaren aikin a guruf ɗinsu na waya, daga nan ɗif, ko sallama ba ya amsawa.

Ga shi maki ɗaya ake ba rukunin duka. Shugaba ta faɗa ofishin Dakta a fusace.

"A cire shi, Dakta. Zai ja mu ƙasa."

"In na cire shi ya faɗi kwas ɗin ke nan, kuma a shekarunsa ba zai sake dawowa ba. Kin san da haka?"

"Ni na ce ya yi shiru?"

Dakta ya zare tabarau. "To, zan cire shi. Amma ke za ki je ki faɗa masa, ido da ido. Ban da waya."

Da yamma ta isa gidan. Sallama kawai ta yi, matar Baba ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ƙare mata kallo.

"Au, ke ce mai muryar."

"Wace murya, Mama?"

"Shigo, 'yata. Muryarki ta riga ki zuwa gidan nan."

Baba na zaune a falo, ya yi mata maraba kamar ba komai. Mama ce ta fasa maganar. Ranar da Baba ya tura aikinsa, in ji ta, sai ga saƙon murya daga Shugaba a guruf ɗin. Murna ta kama shi, ya kira 'ya'yansa, har da surukinsa da ya zo gaisuwa: "Ku zo ku ji, shugabarmu ta duba aikina." Ya ƙure ƙarar wayar.

Shugaba ta tuna abin da ta ce a saƙon, tana dariya: "Haba Baba, ko 'yan aji ukunka ai ba za su rubuta wannan shirmen ba."

"Surukin nan," in ji Mama, "ƙasa ya yi ta kallo har ya tafi."

"Ke dai da tonon magana," Baba ya ce wa matarsa. Ya juyo. "Gyaranki daidai ne fa, 'yata. Na gyara duka tun tuni. Sake turawa ce hannuna ya ƙi."

Shugaba ta ajiye maganar da ta kawo ta a gefe. Ta ciro wayarta, ta buɗe guruf ɗin, ta danna wurin ɗaukar murya.

"Jama'a, a nan na yi wa Baba rashin kunya, a nan kuma nake roƙonsa gafara."

"Haba, ba sai kin yi haka ba," in ji Baba.

"Bar ta ta yi, Malam," Mama ta ce. "Kuma yaran suna ciki. Bari in kira su, ka sake ƙure ƙarar."

Kafin Shugaba ta bar gidan, aikin Baba ya shiga guruf.

Washegari Dakta ya tare ta a bakin aji. "In cire shi?"

"Ni ce ta cirewa, Dakta."

"Ke ma wuce ki zauna. Yau kika fara kwas ɗin."

Darasi: Gyaranka zai iya zama daidai ka kuma karya mutum da shi, don ba ka san su wa ke zaune kusa da shi ba lokacin da maganarka ta isa. In ka kunyata mutum a gaban jama'a, kada ka laɓe a gefe ka ba shi haƙuri. Koma gaban jama'ar. Ku tura wa shugabanninku na ofis da na guruf. Wanda kuma bai taɓa aika irin wannan saƙon ba, ga wurin sharhi nan, ya fito ya ƙaryata ni.