Sarkin Yaƙin Da Ya Ƙone Shinkafa

Akwai wani sarkin yaƙi a bakin kogin Ganga, tun zamanin da ake fita fagen daga a kan giwaye, sunansa Rudrila. Ƙato ne, ga gashin baki kamar tsintsiya, amma kan nan fa babu komai a ciki.

Sarkinsa da sarkin tsallaken kogi sun gaji faɗa a kan mashigin ruwa. Sun kuma gaji alkawari: kakanninsu sun rantse a gaban wuta cewa ko ana yaƙi ba a taɓa manomi. Dakaru na sara da suka, mai garma na bin shanunsa a gefe, ko ɗaga kai ba ya yi.

Shi Rudrila gani yake wannan sakarci ne. Da aka naɗa shi, sarki ya ce ko ya ƙwato mashigin kafin girbi, ko ya ajiye takobi. Sai gogan naka ya ce ai da sauƙi, a ƙone shinkafar abokan gaba, yunwa ta yi masa aikin.

Kawunsa Punna, wani tsohon manomi, ya tare shi a hanya ya ce, "Ɗana, rantsuwar nan ba su kaɗai take karewa ba. Har da ni."

Ya ce, "Kawu, koma ka ji da shanunka. Wannan harkar maza ce."

Ya haye kogi lokacin da shinkafa ta nuna, ya cinna wa gonaki wuta, ya sa giwaye suka tattake ragowar. Jarumtar ke nan, a kan tsofaffi masu lauje. Mashigi kuwa ya faɗo hannunsa.

Ya dawo yana hura hanci, yana jiran kiɗa da guɗa, amma ko kare bai tarye shi ba. Manoman ƙasarsu sun san ramuwa na tafe, tuni sun ɗaure kaya sun kora shanu zuwa ƙasashen da rantsuwa ke da daraja, har da kawun nasa. Shinkafa ta zube a gona babu mai yanka. Sarakunan maƙwabta suka ce ba sa ciniki da masu karya rantsuwa. Kafin damina ta zagayo, har a fada sai an auna abinci.

Sarki ya kira shi, ya karɓe takobin, ya sa aka miƙa masa garma. Ya ce gonar bakin kogi tasa ce, ya je ya nomo abin da za a ci.

Ƙaton banza ya dubi garmar, ya ce, "Ranka ya daɗe, can fa kibiyar abokan gaba na kaiwa. Me zai kare ni?"

Sarki ya ce, "A da akwai abin da ke kare manomi. Kai ka ƙone shi."

Darasi: Dokar da kake gani ta ɗaure maka hannu a kan abokin gaba, ita ce ta ɗaure nasa a kanka. Mai raina alkawari kansa yake tona wa asiri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ganin ƙarfi ya fi ƙa'ida.