Ƙuda Mai Cin Rumfa Uku

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku!"

"Ta iso mu ji ta!"

To, ku matso kusa. Kai mai lashe kwano, ajiye shi mu fara.

A da can, Ƙuda yana da gida, yana da mata. Sunan matarsa Zuma. In ana maganar girki a garin, to Zuma ake nufi. In ta ɗora tukunya, ƙamshi kan tsallake katanga, yaran maƙwabta su ƙi cin na uwarsu.

Amma Ƙuda idonsa na waje. Shi dai abincin kasuwa. Ga shi kuma ba ya son sa hannu a aljihu.

Wata rana da safe Zuma ta dama koko, ta soya ƙosai, ta kawo masa.

Ta ce, "Maigida, ga abin karyawa."

Ƙuda ya leƙa kwanon, ya taɓe baki. Ya ce, "Kokon dai? Na jiya, na shekaranjiya? Rufe shi, ina da uzuri a kasuwa."

Zuma ta rufe. Shi kuwa ya tashi, zuuu, sai teburin Kunkuru mai shayi.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Kunkuru."

Kunkuru ya ce, "Yawwa, sannu. Me za a haɗa maka?"

"A'a, wucewa nake yi. Wata magana ce dai na ji a rumfar Gafiya mai tuwo, ta tsaya mini a rai."

"Wace magana?"

"Kai, bar ta kawai. Ni ba na son haɗa faɗa."

"Faɗi mana!"

Ƙuda ya rage murya. Ya ce, "Cewa ta yi shayinka ruwan wanke kofi ne. Wai kuma don tsabar nawarka, kafin ka soya ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe, ya girma, ya yi cara."

Kunkuru ya zaro wuya waje har sai da jijiya ta fito. Ya ce, "Ni? Gafiya ce ta faɗi haka? Zauna! Yau sai ka sha ka faɗi gaskiya."

Ya haɗa masa shayi mai kauri, madara ta ji. Ya yanka biredi. Ya soya ƙwai da albasa da attaruhu. Ƙuda ya gyara zama, ya share tas.

Kunkuru ya ce, "To, yaya ka ji?"

Ƙuda ya ce, "Na farkon da zafi na sha shi, harshena bai tantance ba. Ƙaro wani."

Aka ƙaro. Ya shanye, ya yi gyatsa. Ya ce, "Sharri take maka, Baba. Shayinka babu na biyunsa. Ni da matata ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, ai yau na san na karya."

Kunkuru ya ji tausayinsa. Ya ce, "Allah sarki! Ka riƙa zuwa."

Ƙuda ya tashi yana waƙa. Ku amsa mini, yara, ku ce zuuu.

"Na ci na wani, ban biya ba,"
"Zuuu!"
"Tukunyar gida ta jira ni,"
"Zuuu!"

Da rana ta take ya koma gida ya ɗan kishingiɗa. Zuma ta turara dambu da zogale, ta zuba man gyaɗa, ta kawo.

Ta ce, "Maigida, ba ka karya ba. Ga dambu."

Ya ce, "Dambu? Abin da sai ka sha tulun ruwa kafin ya wuce maƙogwaro? Ba yara."

Zuma ta kira yaran maƙwabta ta ba su. Shi kuwa, zuuu, sai rumfar Gafiya.

"Inna Gafiya, sannu da hayaƙi."

"Yawwa, Ƙuda. Malmala nawa za a sa maka?"

"A'a, a ƙoshe nake. Abin da Beguwa mai tsire ta faɗa ne ya dame ni."

Gafiya ta ajiye ludayi. Ta ce, "Me ta ce?"

"Wai tuwonki in aka jefi kare da shi, sai ya yi ɗingishi. Wai naman miyarki kuma sai an kunna fitila ake ganinsa."

Gafiya ta kwance ɗankwali ta ɗaure a ƙugu. Ta ce, "Ita mai ƙayar ce ta faɗi haka? Zauna!"

Ta kwaso tuwon shinkafa mai laushi. Ta malala miyar taushe, kabewa da gyaɗa sun narke a ciki. Ta tsamo manyan tsoka ta ɗora a kai. Ƙuda ya ci, ya suɗe kwano.

"To, yaya?"

"Inna, wannan yunwa ce ta ci, ba ni ba. A ƙaro, yanzu ni zan ci."

Aka ƙaro. Ya tashi da shi. Ya ce, "Hassada ce ke damun Beguwa. Ni da a gida matata ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, ai kin cece ni."

Gafiya ta ce, "Wayyo, bawan Allah! Ka riƙa zuwa."

"Na ci na wani, ban biya ba,"
"Zuuu!"
"Tukunyar gida ta jira ni,"
"Zuuu!"

Da la'asar Zuma ta tuƙa tuwon dawa. Ta kaɗa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, ta sa man shanu. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu.

Ta ce, "Maigida, don Allah ko loma ɗaya. Tun safe nake gaban murhu."

Ko kallon akushin bai yi ba. Ya ce, "Wa ya sa ki?"

Ya fice. Zuma ta zauna ita kaɗai a kan tabarmar. Ta yi loma biyu, ta tsame hannu. Ta rufe, ta share ido da bakin zane.

Shi kuwa gogan, sai wajen Beguwa. Ita Beguwa ba ta sayen tsinken tsire. A bayanta take zarowa.

Ya ce, "Yaya Beguwa, ashe haka Kunkuru yake?"

"Me ya yi?"

"Wai tsirenki tsohon takalmi ne kike yankawa ki shafa masa ƙuli-ƙuli."

Ƙayoyin Beguwa suka miƙe tsaye, cirr! Ta ce, "Zauna!"

Ta zaɓo masa mai kitse, mai zafi, ta barbaɗa yaji, ta yanka albasa. Ya cinye. Ya ce yaji ya rufe masa ɗanɗano, a ba shi marar yaji. Aka ba shi. Ya cinye. Ya yabi tsiren, ya kushe matarsa, ya tashi yana waƙarsa.

Haka ya yi ta yi, yau da gobe. Ƙuda ya yi ƙiba, wuyansa ya yi sulɓi. Kasuwa kuwa ta ɓaci. Kunkuru ba ya gaida Gafiya. Gafiya in ta ga Beguwa sai ta tofar da yawu. Masu cin abinci ma suka rabu uku, kowa na zagin rumfar wani.

"Goggo, ba a kama shi ba?"

Ku dai saurara.

Abin da Ƙuda bai sani ba, wata ranar kasuwa su ukun suka haɗu a gaban mai kayan miya. Kwandon albasa ɗaya ya rage, kowa ya ɗora hannu.

Kunkuru ya ce wa Gafiya, "Sake shi! Ke da kika ce shayina ruwan wanke kofi ne."

Gafiya ta ce, "Ni? Yaushe? Ai wannan mai ƙayar ce ta ce tuwona na gurgunta kare."

Beguwa ta ce, "Ban taɓa faɗa ba! Shi ne ya ce takalmi nake gasawa."

Suka tsaya suna kallon juna.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ƙuda."

"Ke fa?"

"Ƙuda."

"Ni ma Ƙuda."

Gafiya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Kai! Ni kuma har tausayinsa nake ji. Wai matarsa ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba."

Ashe Zuma na bayansu, ta zo sayen daddawa. Ta ji komai. Ta koma gida, ta ɗauko akushin tuwon da ya ƙi ci, ta dawo ta ajiye a gabansu.

Ta ce, "Ni ce matar tasa. Ku ɗanɗana."

Suka sa hannu. Sai ƙarar lashe yatsu kake ji. Kunkuru da kowa ya sani da nawa, ranar shi ya riga kowa kai loma ta biyu.

Gafiya ta ce, "'Yar nan, wannan yake bari ya zo yana mana ƙarya? Zauna mu yi shawara."

Washegari Ƙuda ya fito, Beguwa ta tare shi a hanya tana murmushi.

Ta ce, "Ƙuda, mun gaji da gardama. Yau za mu yi gasa a gindin tsamiya. Kowa zai kawo nasa. Kai ne alƙali, don duk garin nan babu mai harshe irin naka."

Ƙuda ya ji kamar ya yi rawa. Ya ce, "Aiki ne mai wuya, amma saboda ku zan daure."

Ya isa gindin tsamiya ya tarar da 'yan kasuwa sun cika. An shimfiɗa tabarma. Ga shayi da biredi da ƙwai. Ga tuwon shinkafa da miyar taushe. Ga tsire tsibi guda. A gefe kuma ga wani akushi a rufe da faifai, ƙamshinsa ya danne na sauran duka.

Ƙuda ya haɗiyi yawu. Ya ce, "Wancan fa na wane ne?"

Gafiya ta ce, "Na wata gwana ce. Shi za ka ci a ƙarshe."

Ya miƙa hannu wajen biredi. Kunkuru ya ce, "Tsaya! Alƙali ba ya ci da hannu mai datti. Ga ruwa."

Aka miƙo ƙwarya. Ashe karkashi suka jiƙa a ciki tun safe, ruwan ya yi yauƙi. Ƙuda ya tsoma hannu, ya fito da shi yana zarara. Ya murza, ya murza, santsi ya ƙi fita.

Kunkuru ya ce, "Shayi ba ya jira, zai huce. Jama'a, bismillah!"

Kafin Ƙuda ya ɗago kai, babu shayi, babu biredi.

Ya ce, "Ba komai, ga tuwo." Ya miƙa hannu.

Gafiya ta buge hannun da ludayi. Ta ce, "Da wannan yauƙin za ka taɓa mini tuwo? Sake wankewa."

Ya sake tsomawa. Yauƙi ya ƙaru. Ya murza gaba, ya murza baya, ya goga a kai, kan ma ya yi santsi.

Gafiya ta ce, "Tuwo zai sandare. Jama'a, bismillah!"

Tuwo ya tafi.

Ƙuda ya zabura wajen tsire. Beguwa ta karkaɗa ƙayoyinta. Ta ce, "Wanke!"

Ya wanke. Yana murzawa yana kallo, tsinke bayan tsinke, har aka bar takarda da ɓurɓushin yaji.

Yanzu saura akushi. Cikin Ƙuda na kuka, ƙululu, ƙululu. Ya ce, "Ku taimake ni. Wannan ko da baki ne sai in ci, ba sai da hannu ba."

Sai wata mata ta fito daga cikin taro, ta yaye mayafi. Zuma ce.

Ta ɗage faifan. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na naso a kai.

Ta ce, "Maigida, ka gane ƙamshin nan?"

Ya ce, "Zuma? Ke kika yi wannan? Ban taɓa jin irinsa ba."

Ta ce, "Kullum a gabanka nake ajiye shi."

Mutane suka fashe da dariya. Ƙuda ya ce, "Uwargida, ki yi haƙuri. Mu je gida. Daga yau har kokon zan sha."

Zuma ta ce, "Da ƙin ci kawai ka yi, da na haƙura. Amma ka bi rumfa-rumfa kana sayar da sunana a bakin tuwo. Na gama yi maka girki."

Ta tura akushin tsakiyar tabarma. Ta ce, "Jama'a, bismillah."

Ko ƙanzo ba a bar masa ba.

Da za ta tafi, Beguwa ta zaro ɗan ƙaramin tsinke mai kaifi daga bayanta ta ba ta. Ta ce, "Riƙe wannan, ƙanwata. Duk wanda ya kawo hannu cikin girkinki ba da izini ba, ki tsira masa."

Zuma ta tattara tukwanenta ta koma kogon wata bishiyar kuka. Can ta ci gaba da girkinta mai zaƙi, tana zubawa a 'yan ƙananan ɗakuna tana liƙewa. Ƙuda ya bi ta sau ɗaya, ya tsaya a bakin kogon yana sallama. Ta leƙo, ta nuna masa tsinke. Bai sake komawa ba.

Ya koma wajen Kunkuru, aka kore shi da mafici. Ya je wajen Gafiya, aka kore shi da faifai. Beguwa ko kallonsa ba ta yi ba, hayaƙi ta tura masa.

Shi ya sa har yau in an ajiye abinci, sai ku ga Ƙuda ya sauka a bakin kwano yana murza hannu, yana goga kai. Yauƙin karkashin nan ne bai fita ba. Kuma babu mai ce masa bismillah, kowa korarsa yake yi.

Don haka, yara, in an sa muku abinci a gida, ku ci ku gode wa wadda ta sha hayaƙi ta dafa. Kada kuma ku ɓata sunan wani don ku cika cikinku.

Ƙurunƙus! Kan ɗan ɓera ya faɗa tukunyar miya, mai tsamo shi ya wanke hannu tukuna.