Jatau da Tokar Iya Tabawa

Ku yi mini afuwa, jama'a. Ni ba malama ba ce, ban taɓa rubuta labari ba, ga kuma manya a wurin. Inda na yi tuntuɓe, a gyara mini.

An yi wani mutum a wani gari, tun da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Jatau. Aikinsa renon ɗorawa. Ba ya dasa ɗan itace sai ya ɗebo ƙasa daga gindin tsohuwar bishiya ya zuba a ramin, ƙasar nan mai farin zare-zare kamar saƙar gizo. Haka ya ga mahaifinsa na yi, bai san dalili ba.

Wata damina ya raba dashensa biyu. Rabi ya sa a gonarsa, rabi ya dasa wa maƙwabciyarsa Iya Tabawa, tsohuwa mai daddawa wadda ba ta da kowa. Iri ɗaya ne, hannu ɗaya ya dasa.

To, ku saurara. Na Iya suka yi kore shar, na Jatau suka yi rawaya suka tsaya cak. Ya zuba taki, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya tono saiwa, babu gara, babu tsutsa, sai dai farin zaren ya ragu. Ya tsuguna yana kallo, ya rasa ta inda zai fara tunani.

Matarsa Marka ta ce, "Malam, kai kaɗai ne ba ka gani ba. Kullum tsohuwar nan tana watsa toka a gindin itatuwanta, bakinta na motsi. Me take faɗa?"

"Wataƙila waƙa take yi."

"To, yi ta sauraron waƙa har gonar ta mutu."

Magana ta fita gari, wai Iya ta janye albarkar gonar Jatau da asiri. Mata suka daina sayen daddawarta. Mai unguwa ya tara jama'a, samari suka zo da gatura.

Mai unguwa ya ce, "Jatau, kai aka cuta. Ka ce ita ce, yanzu a sare itatuwan, ta bar mana unguwa."

Iya ta dubi Jatau. "Ɗan nan, tokar murhuna ce. Ina zan kai ta?"

Kada ku ɗauka zuciyarsa fes take. Shi ma zargin ya shige shi, ga gonarsa na mutuwa, ga mutane na jiran kalma ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Ka wanke ta ke nan?"

"Ban ce ba. Na ce ban sani ba. In dai lallai sai an sare wani abu yau, ga nawa can, su ne marasa lafiya."

Samari suka dubi juna, gatura suka sauka. Mai unguwa shi ma ya rikice, ya ce to, Iya ta zauna, amma kada ta ƙara watsa toka a gonarta.

Jatau ya ce, "Iya, ki riƙa tara mini ita, in zuba a tawa. In cuta ce, ta tsaya a kaina."

Haka ya yi ta zuba tokar a gonarsa. Damina ta dawo, itatuwansa suka yi kore. Marka ta ce, "Ka gani? Tsoro ta ji, ta mayar da abin da ta ɗauka."

"Ban sani ba, Marka."

Har ya koma ga Allah bai gane ba. Masana ƙasa a yau suna cewa farin zaren nan wata irin fumfuna ce da ke taya saiwa tsotso naitirojin, abincin da ke sa ganye kore. In ƙasa ta cika tsami, zaren da saiwar duka sai su wahala, toka kuma tana rage tsamin, kamar yadda kanwa ke yi wa miyar yakuwa. Ni ma ba duka na gane ba.

Amma ku lura, ba sanin wannan ne ya ceci Iya Tabawa ba. Mutumin da ya rikice ne, ya ƙi ya ɗora ruɗewarsa a kan wani. Mu fa? Yaro ya yi zazzaɓi, kasuwa ta ƙi, nan da nan mun nemo sunan da za mu kira. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar bayin Allah su zauna lafiya.

Allah ya sa mu dace. Na ga an fara miƙewa alwala, bari in bi ta bayan zaure.